2.3 Samuwar Waldar Ƙusa da Rabe-rabenta

Abin da ake nufi da waldar ƙusa a wannan bincike shi ne liƙa guntun ƙarfe, mai zare irin na noti ko marar zare, a tsaye bisa falle na ƙarfe ta hanyar tartsatsin lantarki, ba tare da an huda fallen ba. Wannan dabara ta samo asali ne daga wuraren ƙera jiragen ruwa na yaƙi. A da, idan za a shimfiɗa katako a daɓen jirgi, sai an huda ƙarfen, wani ma'aikaci ya shiga ta ƙasa ya ɗaure noti, kuma kowace huda kafa ce da ruwa zai iya bi.

An fara gwada ta a Ingila, a tashar Portsmouth, wajen 1918, amma ba ta bunƙasa ba sai a 1939, lokacin da Edward Nelson, ma'aikaci a tashar Mare Island ta Kalifoniya a Amurka, ya ƙera bindigar walda ta hannu. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa buƙatar jirage ta ƙaru, don haka aka rungumi aikin nasa nan da nan. Yadda take aiki kuwa shi ne, bindigar na ɗaga ƙusar kaɗan daga fallen, tartsatsi ya tashi tsakaninsu ya narkar da bakin ƙusar da fuskar fallen, sannan sifirin ya danna ta cikin narkakken ƙarfen. Akwai zoben tangaran da ke kewaye wurin, yana tare iska, yana kuma hana narkakken ƙarfen malala. Da wannan hanya ake liƙa ƙusa mai kaurin milimita 25, kuma tun shekarun 1950 ake amfani da ita wajen haɗa ƙarfen gada da kankare.

Sai dai zafinta ya yi wa falle marar kauri yawa, yakan ƙone shi har ta baya. Wannan ne ya sa aka samar da hanyar tara caji a kafasita a sake shi gaba ɗaya. A nan ƙusar na da ɗan tsini a gindinta, wanda ke narkewa ya haifar da tartsatsin, aikin kuma ya ƙare cikin kashi 1 zuwa 3 cikin 1,000 na sakan, ba a bukatar zobe. A ganin mai wannan bincike, tsawon lokacin da tartsatsin ke ci shi ne ainihin abin da ya bambanta hanyoyin, domin ta ukun ma, wadda masu ƙera motoci suka fi amfani da ita, hanyar Nelson ce aka taƙaita lokacinta zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 10 na sakan, aka kuma cire zoben.