Tarihin Kujerar Magama da Rijau a Majalisar Wakilai

'Yan'uwa mazauna Nasko, sau da yawa a zaman hira yara kan tambaye mu: ga Kontagora nan kusa, can muke cin kasuwa, can fadar Sarkin Sudan take, to don me ɗan majalisarmu na tarayya ba na Kontagora ba ne?

Asalin abin dai tsoho ne. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Kontagora wajen 1864, aka jawo ƙasar Kambari da ta Dukawa ƙarƙashinta. A 1901 Turawa suka ci garin a zamanin ɗansa Ibrahim, suka bar mulkin gargajiya yadda suka same shi. Har yau Nasko, Auna, Salka da Ibeto duk masarautar Kontagora suke bi, haka ma Rijau.

Amma fa siyasa ba ta bi sawun sarauta ba. An ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Majalisar Wakilai na da kujeru 360, Neja ta sami 10, ga ƙananan hukumomi 25. Ka ga dole a haɗa wasu. Kontagora ta tafi da Wushishi, Mariga da Mashegu, mu kuma Magama aka ɗaura mu da Rijau.

Kujerar nan ta sha ruwan rikici. Marigayi Ja'afaru Iliyasu Auna ya ci zaɓe a 2019, bai cika shekara ba Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba. Aka yi zaɓen cike gurbi a 2020, kotu ta rushe shi. Sai a Fabrairun 2021 aka sake, jam'iyyar APGA ta ci da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba. Duk tsawon wannan ja-in-jar, wa ke faɗar kukanmu a Abuja? Madatsar ruwan Auna da aka yi shekaru ana alkawari, aikin tarayya ne, sai da mai tuni a zauren majalisa.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne tazarar nan. Mu Hausawan da kakanninmu suka zo fatauci da noma suka zauna da Kambari lafiya, wasunmu har gobe suna cewa zaɓe na 'yan ƙasa ne, mu baƙi ne. Alhali ƙuri'ar unguwa ɗaya ta Nasko ta isa ta juya sakamakon 2021.