Ayarin Jiragen Mai a Yaƙin Hitila

Birnin Kano ya yi nisa da teku ƙwarai, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, ba a fara haƙar mai a Nijeriya ba tukuna. Kananzir da fetur duka ta teku su ke zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ƙasa ya kawo su Kano. Ga shi kuwa tun 1940 jiragen saman Ingila su kan taso daga Takoradi, su sauka Kano su sha mai, kana su nufi Hartum da Masar.

Jamusawa sun san haka, sai suka cika teku da jiragen nutso. Don gudun sharrinsu, jiragen kaya su kan tafi a ayari, jiragen yaƙi na yi musu rakiya, kamar yadda fataken Gwanja su ke tafiya bayan madugu. Jirgin mai kuwa shi maharan suka fi kwaɗayi. Ba shi da sauri, in kuma harbi ya same shi, sai man ya malala bisa ruwa yana ci da wuta, ma'aikatansa su rasa inda za su tsira.

A ƙarshen Disamba 1942 wani ayari na jiragen mai tara ya tashi daga tsibirin Tirinidad, zai kai mai ga rundunar da ke Afirka ta Arewa. Cikin Janairu 1943 jiragen nutso suka far masa, suka nutsar da bakwai, biyu kaɗai suka isa Jibiralta. Bayan wata uku, a ƙarshen Afirilu, wani jirgin nutso guda ya nutsar da jiragen kaya bakwai na ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Saliyo.

Irin wannan hasara ta sa kaya suka yi wuya a nan gida. Kananzir da gishiri da yadi suka yi tsada a Kasuwar Kurmi, gidaje da yawa suka koma ga aci-balbal da man gyaɗa. Sai a watan Mayu 1943 lamarin ya juya, Jamus ta rasa jiragen nutso sama da arba'in cikin wata ɗaya.

Galibin mutanen da suka ƙone cikin waɗannan jiragen ba soja ba ne, 'yan ƙwadago ne masu neman abinci, yawancinsu kuwa ba su da kabari sai teku. Allah ya kiyashe mu da yaƙi, amin.