Waiwaye Adon Tafiya: Wa Magabatanmu Suka Rubuta Wa?

A 1933 ne Rupert East ya shirya gasar ƙaga labarai a Zariya. Albarkacinta muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna wa manya ɗacin bauta. A 1937 Imam ya fito da Magana Jari Ce domin 'yan makaranta, daga baya shi da East suka wallafa Ikon Allah kan halittu. Wato yaro da babba kowa ya sami rabonsa.

To mu fa, 'yan'uwa marubuta? Yawancinmu mun raja'a kan soyayya. In ba mu rubuta wa yara yau ba, wa zai karanta littattafanmu gobe?