Motar da aka saya fam ɗaya: tarihin Brawn GP da shekarar da doka ta canza

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin masu ƙarancin data da waɗanda suka fi son karatu.

Ranar nan ina cikin mota daga Tsafe zuwa Gusau, mun kawo daidai Kwatarkwashi, sai wani matashi da ke kusa da ni ya nuna min hoton sabuwar motar tseren Formula 1 ta kakar 2026 a wayarsa. Ya ce, "Yallaɓai, ai wannan harkar ta masu kuɗi ce, wanda ya fi kuɗi shi ke ci." Na ce masa galibi haka ne, amma ban da shekarar da aka canza doka. Har muka shiga Gusau ban gama ba shi labarin ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan.

Mu koma Disambar 2008. Tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani, motoci sun daina sayuwa. Ranar 5 ga wata kamfanin Honda na Japan ya sanar cewa ya fita daga Formula 1. Ƙungiyar tasu tana garin Brackley a Ingila, da ma'aikata wajen 700. Dare ɗaya suka wayi gari ba su san makomarsu ba. Kuma dama ba wani abin kirki suka taɓuka a 2008 ba, na tara suka ƙare.

Amma akwai abin da mutanen waje ba su sani ba. Shugaban ƙungiyar, Ross Brawn, wanda ya yi aiki da Michael Schumacher a Benetton da Ferrari, tun da wuri ya haƙura da kakar 2008. Ya ce a bar waccan motar haka nan, a tattara ƙarfi kan ta 2009. Dalili? Hukumar FIA mai kula da tseren ta fito da sababbin dokoki da za su fara aiki a 2009. An faɗaɗa fiffiken gaba, an tsuke na baya an ɗaga shi sama, an dawo da taya sumul mara zane, an share tarkacen ƙananan fukafukan da ke jikin mota. Manufar ita ce motoci su riƙa iya bin juna kurkusa, a samu wuce-wuce.

To a lokacin Ferrari da McLaren suna can suna kokawar kofin 2008, wanda Lewis Hamilton ya ci a kwanar ƙarshe ta tseren ƙarshe. Hankalinsu na kan kokawar yau. Su kuwa mutanen Brackley suna zaune da takardar doka, suna bin ta layi-layi.

Bari in ɗan yi bayani a nan, don sai an gane wannan labarin zai yi daɗi. Motar tsere ba injin kaɗai ke sa ta gudu ba. Abin da ke hana ta zamewa a kwana shi ne iska, wadda ke danne ta a ƙasa. A ƙarƙashin motar ta baya akwai wata mafitar iska da ake kira difuza. Tana buɗewa ne tana yin sama, sai ta riƙa zuƙo iskar da ke bi ta ƙasan mota da sauri. Iskar na ƙara sauri, motar na ƙara mannewa da kwalta. Sabuwar doka ta ce tsayin wannan mafitar kada ya wuce milimita 175, wato an rage mata ƙarfi da gangan.

Sai injiniyoyin Honda suka lura da wani abu. Dokar ba ta toshe damar huda ƙofofi a wani sashe na ƙasan motar ba. Suka huda, suka bi da iskar zuwa wata mafita ta biyu a saman ta farko. Kamar a ce maka ƙofar zaurenka kada ta wuce kamu kaza, amma ba a ce kada ka buɗe taga a samanta ba. Kun gane ko? Toyota da Williams ma sun gano wannan dabarar. Abin dariyar shi ne, tun 2008 Brawn ya ba sauran ƙungiyoyi shawarar a gyara rubutun dokar a toshe irin waɗannan kafofi, ba su karɓa ba.

Ga mota an ƙera, ga shi babu mai ita, babu ma injin. Watanni uku ana neman mai saye. A ƙarshe Brawn da abokan aikinsa suka karɓi ƙungiyar a kan fam ɗaya tak, Honda ta bar musu kuɗin da za su lallaɓa da shi. Mercedes ta yarda ta sayar musu da injin, amma da yake motar an zana ta ne don injin Honda, sai da aka yi mata yanke-yanke kafin ya zauna. Ranar 6 ga Maris 2009 aka sanar da sunan Brawn GP, aka fito da motar BGP 001 a filin Silverstone. Babu wani biki, fara ce da ɗan ratsin ruwan ɗorawa mai haske, jikinta kusan babu tallan kowa.

Da suka je gwaji a Barcelona, motar ta tsere wa kowa. Wasu suka ce ƙarya ne, man fetur kaɗan suka zuba don mota ta yi sauƙi su jawo masu talla. Ranar 29 ga Maris a Melbourne ta ƙasar Ostareliya gaskiya ta yi halinta: Jenson Button na ɗaya, Rubens Barrichello na biyu. Ferrari da Renault da Red Bull suka kai ƙara cewa difuzar haramtacciya ce. Ranar 15 ga Afrilu kotun ɗaukaka ƙara ta FIA a Paris ta ce halal ce. Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko.

Amma fa kada ku ɗauka komai zuma ne. Bayan wannan nasarar ta farko sai da aka sallami ma'aikata wajen 270, saboda kuɗi ba za su kai ba. Wasu cikinsu su ne suka kwana suna haɗa motar. Sannan manyan ƙungiyoyi suka kwaikwayi dabarar, suka zuba kuɗi, Brawn kuwa ba ta da abin ƙara gyara. Bayan tseren Turkiyya a watan Yuni, Button bai sake cin ko ɗaya ba. Tazarar da ya tara da wuri ita ta cece shi. Ranar 18 ga Oktoba a Brazil ya zo na biyar, hakan ya ishe shi ɗaukar kofin duniya, ƙungiyar ma ta ɗauki nata. Ya gama kakar da maki 95, Sebastian Vettel na da 84. A Nuwamba Mercedes ta saye ƙungiyar. Shekara ɗaya Brawn GP ta yi a duniya, ta tafi da kofi biyu. Daga 2011 aka haramta dabarar gaba ɗaya.

Wannan gidan na Brackley ya sake maimaita abin a 2014, da aka koma injin lita 1.6 mai haɗin fetur da lantarki. Sun fara shiri tun shekaru kafin nan, suka ci kofin ƙungiyoyi sau takwas a jere har 2021. A 2026 kuma an sake juya doka: kusan rabin ƙarfin mota daga lantarki zai fito, an rage girma da nauyi, Audi da Cadillac sun shigo.

To mu a Zamfara ina ruwanmu? Ni na ga irin wannan da idona. Ina da kawu bakanike a Bungudu, gwanin Fijo 504 ne, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Da kunne yake saita kafireto. Da motocin injekta suka fara yawa, ya ce yayi ne, zai wuce. Wani yaronsa da kowa ke rainawa ya tafi Kaduna ya koyi wayarin da na'urar gano matsalar mota. Yau idan mota ta gagari kawuna, wajen yaron yake tura ta a Gusau. Kawuna bai rage iyawa ba ko kaɗan, motocin ne suka canza ya tsaya.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin duk mai abin hawa ya canza. Ana maganar gas na CNG, ana ganin babura da Keke masu caji, motoci masu haɗin batir suna shigowa. Ƙanena da ke koyon aiki a gareji, wannan ita ce 2008 ɗinka. Wanda ya koya yanzu zai samu 'yan shekaru kafin kowa ya iya, kuma labarin Button ya nuna mana cewa tazarar ba ta daɗewa.

Sai roƙo ɗaya: gudun nan a filin da aka killace ake yin sa, da hular kwano da likitoci a gefe. Hanyar Gusau zuwa Tsafe ba Silverstone ba ce, don Allah direbobinmu a sassauta ƙafa.

Ku faɗa mana, a sana'arku wace doka ce ta canza, kuma wa ya riga kowa ganewa? Mu haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.