Asalin Zamanmu A Shagamu

'Yan'uwa, yaranmu da yawa sun san lungunan Sabo, amma ba su san mafarin garin da ya karɓi kakanninsu ba.

Shagamu dai ba gari ɗaya ba ne tun asali. Wajen 1872, zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, ƙananan garuruwan Remo, irin su Ofin da Makun, suka haɗu wuri guda don tsaron kansu. Nan ne mazaunin Akarigbo, Sarkin Remo.

Mu kuwa goro ne ya kawo mu. A da, sai fatake sun niƙi gari da jakuna har Gwanja. Da manoman Remo suka dasa irin goron da Arewa ke ci, ga layin dogo ya isa Kano a 1911, sai ciniki ya juyo Kudu. Mai gida ya sauki baƙo, a ɗaure huhu, a yi Arewa. Sannu a hankali zango ya zama unguwa.

Rikicin watan Yulin 1999 ya ci rayukan Hausawa da Yarabawa. Don Allah dattawa, a riƙa gaya wa yara cewa amana tsakanin manomi da falke ce ta zaunar da mu nan. In ta karye, kowa zai ji a jikinsa.