Elizabeth Siddal da Matsayinta a Tarihin Zane na Ingila

A cikin matan da masu zane na Ingila su ka zana a ƙarni na 19, da wuya a sami wadda fuskarta ta yi suna kamar ta Elizabeth Siddal. Amma fa ita ma mai zane ce, sai dai an yi shekara fiye da ɗari kafin masana su duba aikin hannunta da kyau.

An haife ta a Landan cikin 1829. Tana aiki a wani kantin hulunan mata sa'ad da wani mai zane, Walter Deverell, ya gan ta wajen 1849, ya nemi ta riƙa zama yana zana ta. Ta hanyarsa ne ta san samarin ƙungiyar Pre-Raphaelite, watau masu son komawa ga irin zanen da a ke yi kafin zamanin Raphael na Italiya. An kafa ƙungiyar cikin 1848.

Sana'ar zaman nan kuwa ba ta da sauƙi. Cikin 1852, da John Everett Millais ya ke zana Ophelia, yarinyar nan da ruwa ya ci a wasan Hamlet, ya sa ta kwanta cikin bahon wanka, aka kunna fitilu a ƙarƙashi don ɗuma ruwan. Wata rana fitilun su ka mutu, ba ta ce uffan ba, har sanyi ya kwantar da ita. Ubanta ya matsa wa Millais, sai da ya biya kuɗin likita.

Daga nan Dante Gabriel Rossetti ya kamu da sonta, ya zana ta ba iyaka, ta kuma daina zama wa sauran abokansa. A wannan lokaci ne ta shiga zane da kanta, tana kuma rubuta waƙoƙi. Cikin 1855 John Ruskin, babban masanin zane na zamanin, ya yanka mata fam 150 a shekara domin ya riƙa karɓar abin da ta zana. Cikin 1857, da ƙungiyar ta baje aikinta a Landan, ita kaɗai ce mace a cikin waɗanda aka nuna zanensu.

Ta auri Rossetti cikin 1860, bayan dogon jira da yawan ciwo. Cikin 1861 ta haifi 'ya mace ba rai. Ran 11 ga Fabrairu 1862 ta rasu tana da shekara 32, sabo da yawan shan lodanam, wani magani da a ke haɗawa da ofiyam. Rossetti ya sa littafin waƙoƙinsa cikin akwatin gawarta, sa'an nan cikin 1869 ya sa aka tone kabarin a Highgate aka ciro shi, ya buga waƙoƙin cikin 1870. Nata waƙoƙin kuwa ba a buga ko ɗaya ba tana da rai.

Dalilin ɓoyuwar aikinta a fili ya ke. Waɗanda su ka fara rubuta tarihin ƙungiyar mazan cikinta ne da danginsu, su kuwa abin da su ka riƙe shi ne kyanta da ciwonta da mutuwarta. Sai cikin 1991 Jan Marsh ta tattara zanenta, aka nuna shi a Sheffield da sunanta ita kaɗai. Ya kamata mai nazarin tarihi, in ya ga fuska a hoto, ya tambayi wane ne ya ba da labarin mai ita, da abin da ya bari bai faɗa ba.