Ƙato Bayan Ƙato

Mai karatu, in kana zaton dimokuraɗiyya iri ɗaya ce, leƙa ƙasar Kazaure. A zaɓen 1951, tana cikin Lardin Kano, talaka wakili kawai yake zaɓa, wakilin ya zaɓi wani, har mataki na ƙarshe inda mutanen En'e ke da rinjaye. Nan 'yan NEPU suka sha kaye. A 1959 kowane magidanci da saurayi baligi ya jefa ƙuri'arsa da kansa, ban da mata.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓen gwamna na Disambar 1991, Jigawa tana jaririya: ƙato bayan ƙato. Ka bi layin gwaninka, a ƙirga ku a bainar jama'a. Maguɗi ya yi wuya, haka ne. To amma ƙaddara kai manomi ne a Gwiwa ko Roni, mai ba ka aron gona yana ɗaya layin, ya zuba maka ido. Ina za ka tsaya? Ko a fim ban ga tsaka-mai-wuya irin wannan ba.

Lokacin da Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya ci gwamna a 1999, an riga an koma dangwale a asirce.